Alwalar 'Yan Majalisa

Mai gadin ƙofar majalisa ya zazzage jakar Inna a kan tebur: carbi, man zafi, makullin rumfa, sai 'yar sallaya. Ya ɗauki man zafin ya shinshina.

"Hajiya, wurin wa kika zo?"

"Wurin Lauya."

"Ai lauyoyi sun yi yawa a ciki."

"Nawa ɗaya ne. Dogo, mai saurin baki, kunnensa na hagu ya ɗan fi na dama fitowa."

Mai Tsintsiya, maƙwabciyar rumfarta da ta rako ta, ta leƙo ta bayanta ta ce, "Kai ɗan nan, uwar Honarabul ce fa." Nan take aka mayar mata da kayanta, har da rufe mata jakar.

Inna robobi take sayarwa, bokitai da baho da kofuna, tun kafin a haifi Lauya. A ƙarƙashin teburinta ya yi rarrafe, da cinikin bokiti ya yi karatu. Shekarun baya da aka zo rushe kasuwar, shi ya tsaya gaban alƙali da baƙar rigar da ta yi masa yawa, ya yi ta zuba har alƙali ya ce a bar mutane su ci abinci. 'Yan kasuwa suka ɗauke shi a kafaɗa, ba su sauke shi ba sai a majalisar ƙasa. To tun da ya shiga, bakin nan ya mutu. Kullum Inna na gaban talabijin, ba ta ganin komai sai ƙeyarsa da hula. Ga shi yau za a kaɗa ƙuri'a kan dokar da za ta karɓe filin kasuwar, a baje rumfuna a dasa benaye.

Jiya ta kira shi, ya ce, "Inna, don Allah kar ki zo. Akwai dabara."

Wannan kalma ta dabara ta san ta. Tun yana ɗan mitsitsi, ranar da ya fasa mata madubi, ya tsaya ya yi mata bayani dalla-dalla cewa laifin ƙusa ne. Saboda haka ta yi sallar asuba, ta rufe rumfa, ta taho.

Aka hau da su sama, wurin zaman baƙi. Sanyi kamar cikin firji. Ƙasa kujeru ne jere, manya-manya, Shugaban majalisa yana can gaba riƙe da 'yar guduma. Inna ta laluba da ido har ta gano ƙeyar da ta sani.

Ana ambaton dokar kasuwa Lauya ya miƙe.

"Ɗanki ya tashi!" in ji Mai Tsintsiya, tana zungurar ta.

Ya gyara riga, ya rusuna wa Shugaba, ya juya ya fice. Wani mai tumbi ya bi shi. Wani ya bi mai tumbin. Kafin ka ce kwabo ɓangare guda ya zama wayam, sai jakunkuna a kan kujeru.

"Ashe tashin fita ne," in ji Mai Tsintsiya.

 Inna ta miƙa mata jakar ta sauka. Ta tambayi wani mai shara inda manya suka yi, ya nuna mata lungu da haɓa, ya ce, "Suna alwala."

Ta duba ta taga. Rana ko tsaka ba ta yi ba.

Can ta same su, jere a kan dakali, kowa da famfonsa, an naɗe hannun riga, takalma masu tsada a gefe. Wani yana wanke hannu a hankali kamar na aro ne. Mai tumbi ya gama ƙafa, ya duba agogo, ya koma ya fara kuskure baki. Lauya yana ƙarshe, waya a kunne, ƙafa ɗaya cikin ruwa.

"Salamu alaikum."

Suka amsa gaba ɗaya. Lauya ya kusa sakin wayar.

"Inna! Nan fa wurin maza ne."

"Ban ga alama ba. Sallar me za a yi?"

Ya janyo ta gefe, ya rage murya. "Inna, ki saurare ni da kyau. In muka zauna a ciki, sun fi mu yawa, za su kayar da mu. Amma ƙa'ida ta ce ba a kaɗa ƙuri'a sai mutanen da ke zaune sun cika adadi. Mun fito, ba su cika ba. Mutum ɗaya kacal suke nema. In muka daure zuwa la'asar dole a ɗage zama, gobe majalisa ta tafi hutu, dokar ta mutu a kan hanya. Kin gane?"

"Na gane. Kana kare kasuwa da buta."

"Da famfo, Inna."

"Ranar da ka tsaya gaban alƙali, a bakin famfo ka tsaya?"

"Can kotu ce. Nan aikin daban ne."

"Kullum aikinka daban ne. Mata sun rufe rumfuna suna gaban talabijin, za su ga kujerarka da jaka a kai. Gobe in shiga kasuwa in ce musu me? In ce ɗana ya yi tsarki? Kuma ka rasa abin da za ka ɓuya a bayansa sai alwala. Sau nawa ka wanke ƙafar nan?"

"Ban ƙirga ba."

"Sau uku ake yi. Sauran ɓarnar ruwa ce, kuma za a tambaye ka."

Mai tumbi ya matso, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Hajiya, ki yi haƙuri, abin da yake gaya miki gaskiya ne. Barista, don girman Allah kar ka yi mana haka."

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Kai mahaifiyarka tana da rai?"

"Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah ya jiƙanta. Shi ya sa."

Ta juyo kan ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba. "In har na isa da kai, ka sa takalminka ka koma ka faɗa musu a'a da bakinka, kowa ya ji."

Lauya ya buɗe baki. Mutumin da ya taɓa sa alƙali ya cire tabarau ya goge, ya tsaya yana kallon tsohuwa mai sayar da bokiti, ya rufe bakin. Ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin takalmi ya wuce.

Ta koma sama da haki, ta iske yana shiga. Shugaba ya hango shi, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ya ce wa magatakarda ya sake ƙirga mutane. Aka ƙirga.

"Alhamdulillahi," in ji Shugaba. "Mun cika."

Lauya ya ɗaga hannu. Shekara da shekaru yana ɗaga hannun nan ba a gani, yau Shugaba ya gani tun bai gama ɗagawa ba. Ya ce ya yi magana son ransa.

Wallahi ya yi magana. Ya faɗi matan da suka aurar da 'ya'ya da cinikin allura da zare, ya faɗi marayun da rumfa ta raina, ya ce shi kansa a ƙarƙashin tebur ya koyi tafiya. Hannun rigarsa na ɗiga a kan takardu. Inna ta share ido da bakin mayafi. 'Yan alwala suka yi ta shigowa a guje, wani takalmi a hannu, tunda ɓuyan ya ƙare.

Sai Shugaba ya ce masu goyon baya su miƙe. Suka miƙe kamar dawa a gona. Ya ce waɗanda ba su yarda ba. Lauya ya riga kowa, ya ce a'a duk da ba a tambaye shi ba. Guduma ta sauka.

Mai Tsintsiya tana ta tafi. "Mun ci ko? Kin ji bakin yaron nan? Mun ci?"

Inna ta dubi Shugaba yana gaisawa da mutanensa. Ta dubi mai tumbi ya dafe kai. Ta karɓi jakarta.

"Tashi mu je. An kira azahar."

Bayan ta idar ta same shi a bakin matakala, shi kaɗai, hula a hannu. Direbansa ma ya ja gefe. Ta tsaya kusa da shi suna kallon motoci na fita.

"Ashe da gaske kake."

"Da gaske nake, Inna."

"Me ya hana ka yi min bayani?"

"Na yi."

"Da sauri ka yi."

Ya ce, "Haka ne."

Ta buɗe jaka, ta taɓa makullin rumfa, ta mayar ta rufe. Ta dubi takalminsa, har yanzu yana tsiyayar ruwa.

"Amma ka yi magana da kyau," ta ce. "Kowa ya ji."

"Jam'iyya ma ta ji. Sun ce in nemi wani aikin kafin zaɓe."

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Yaushe za su zo da motar rusau?"

"Sai an sa wa dokar hannu. Kuma ko an sa, ana iya zuwa kotu." Ya juya hular a hannunsa. "Inna, baƙar rigar nan tawa, tana wurinki?"

"Tana ƙasan akwati. Ɓera ya ɗan taɓa farar hular da kake sawa da ita."

"Ba komai."

"Ka zo gobe da safe ka gwada. Da ta yi maka yawa, yanzu ban sani ba." Ta gyara mayafi ta fara sauka. "Kuma in ka zo, ka sake yi min bayanin nan na adadi. A hankali."