Yashin da Aka Wanke

Ranar da Rabi, ƙanwar mijinta, ta haihu, Mansura ta faɗa a gaban dangi cewa ita za ta kawo kek ɗin dabino ranar suna. Ita da ba ta cika magana ba, har yau ba ta san abin da ya ja bakinta ba. Goggo Laraba, wadda ke riƙe da girkin kowace hidima a gidan surukan Mansura da ke unguwar Iku, ta dube ta ta ce Allah ya kai mu. Wannan 'yar maganar ce ta tsaya wa Mansura a rai.

Ranar suna da hantsi tana tsugune a tsakar gidan hayarsu a unguwar Kwamba, littafin girki buɗe a gabanta. Kukun wani babban gidan abinci a Abuja ne ya rubuta shi, mijinta Khamis ya sayo mata. Ta bi shi layi-layi, ta jiƙa dabino, ta buga ƙwai da bota har hannunta ya sage.

Littafin ya ce a gasa a obin, ita kuwa ba ta da shi. Maƙwabciyarta Maman Rebeka, mai yin kek na sayarwa, ta ara mata babbar tukunya, ta ce ta zuba yashi a ƙasa, ta ɗora gwangwanin kek ɗin a kai, ta rufe, ta sa garwashi a kan murfin. Mansura ta ɗebo yashi inda ake gini a bayan layi. Da ta ga kashin awaki a ciki sai ta wanke shi sau uku, ta tsane, ta zuba. Ba ta ga dalilin faɗa wa Maman Rebeka wannan ba.

Kukun ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe: kada a buɗe kafin minti arba'in, in ba haka ba kek ɗin zai lotsa. Ta zauna da waya a hannu tana duban lokaci. Minti ashirin da biyar suka wuce, ba ƙanshin gashi. Tururi ne kawai ke fita ta gefen murfin, ruwa na gangarowa yana ɗiga a wuta.

Maman Rebeka ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya, ta kasa kunne. Ta tambaya ko wake ake dafawa. Mansura ta ce a'a. Matar ta ce to a buɗe yanzu.

“Littafin ya ce kada a buɗe.”

“Amarya, mai littafin nan ya taɓa ganin yashi a kicin ɗinsa?”

Wayar ta yi ƙara. Khamis ne, ya ce mata sun fara cika gida, nan da rabin awa zai iso da keke mai ƙafa uku ya ɗauke ta. Kayan haɗin sun ƙare, lokacin sake wani ma babu. Mansura ta dubi littafin, ta dubi tukunyar, sannan ta sa tsumma ta ɗaga murfin.

Kek ɗin ya tashi, amma fari ne, samansa jiƙe kamar alale. Maman Rebeka ta taɓa yashin, ta ji shi a jiƙe, ta gane. Ta goge ruwan murfin, ta ninka garwashin sama, ta tokare murfin da cokali don tururi ya fita. Haka suka tsaya a kansa har keke ya yi hon a ƙofar gida.

A Iku Mansura ta ajiye shi a gaban Goggo Laraba. Samansa ya yi ja, cikinsa kuwa Allah ne masani. Matan da ke tuƙa tuwo suka juyo. Goggo ta yanka, wuƙar ta fito da ɗan danshi. Ta gutsura, ta daɗe tana tauna.

“Kin wanke yashin,” in ji ta.

Mansura ta sunkuyar da kai ta ce e.

“Tun jiya ake wankewa, a soya shi ya bushe. Wa ya ce ki buɗe?”

“Maƙwabciyata, Goggo.”

“Ki riƙe ta.”

Ta yanka sauran ƙanana-ƙanana, ta jera a faranti, ta ware uku ta rufe a kwanon maijego. Sannan ta miƙa wa Mansura farantin ta ce ta zaga da shi da kanta, duk wadda ta tambaya ta ce ita ta yi.