Gawon Gonar Cindo

Wata biyar ke nan da Rayyanu ya tsallako iyaka da matarsa Furera da 'yarsu Safa, daga wani ƙauyen yammacin Katsina wanda 'yan bindiga suka mayar kufai. Suka yada zango a wani gari na karkarar Sarkin Hausa, ƙasar Mayahi ta Nijar, ba don sun san kowa ba, nan dai mai amalanken da ya ɗauko su ya tsaya. Mai gari ya ba su ɗakin da jaki ya bari, ya kuma gindaya masu sharaɗi ɗaya.

"Duk baƙon da ya zub da jini garin ga, jandarma muke ba, su maishe shi inda ya hito."

Rayyanu ya ji, ya riƙe. Ya san abin da ke jiran su inda suka fito.

Hausar dai ɗaya ce, tuwon ma ɗaya, amma baƙunta ba ta rasa inda za ta tsunkuli mutum. Rijiyar garin sai an ja guga da jaki. Ƙasar rairayi ce zalla, mutanen kuma a tsaye suke noma da doguwar hauya, suna yi wa gajeriyar fartanyarsa dariya. Matasa su jefo masa gaisuwa da Faransanci, ya amsa da "lafiya lau" bisa sa'a. Sunansa ma ya ɓace, Ɗan Najeriya kowa ke ce masa. Duk ya shanye, don a garin nan ne Safa ta daina firgita in ta ji ƙarar babur.

Da bazara ta kama, wani dattijo mai suna Cindo ya ɗauke shi sharar gona. Ya kai shi har bakin iyakar gonar, ya ce, "Ka dai ga yadda maƙwabta suka yi tasu," ya hau amalanke ya tafi kasuwar Mayahi.

Rayyanu ya duba gonakin maƙwabta, ya girgiza kai. Ko'ina ƙananan gawo tsaye, wasu tsawon mutum, wasu sun fi, an ɗan sassake masu rassan ƙasa an bar su. Shi a ganinsa ƙiwa ce kawai. A garinsu gonar da aka bar wa itace haka, mai ita ya gaji da duniya. Daga bayan irin waɗannan duhuwoyin mutum huɗu suka ɓullo wa yayansa Inusa da rana tsaka, suka harbe shi a ciki, suka bar shi yana jan hanjinsa cikin kunyar gona. Tun ranar nan, in aka ce shara, to har inda ido ya tsaya kada a bar abin da zai ɓoye ko zomo.

Ya tofa yawu a hannu, ya ɗauki adda, ya ce yau Nijar za ta ga aiki. Kafin azahar ya kwantar da gawo talatin da ɗaya, ya jawo su ya tara tsakiyar gona don a cinna wuta. Har yana alfahari, bawan Allah.

Abin da babu wanda ya zauna ya gaya masa, don a garin ko yaron goye ya sani, shi ne Cindo shekara bakwai yana renon itatuwan nan daga kututture. Gawo na zubar da ganye da damina, hatsi ya yi ƙiba a gindinsa, ya tare iskar da ke binne shuka, 'ya'yansa kuma su riƙe awaki har ruwa ya sauka. Kafin su gonar nan rairayi kawai take haifa. A garin, ka zagi uban mutum a sasanta ku, amma kada ka taɓa masa gawo.

Lamine, babban ɗan Cindo, ya iso a kan babur da 'yan'uwansa biyu. Ya tsaya ya dubi gonar fayau, ya dubi tarin itacen. Bai yi tambaya ba. Ya zaro reshe ɗaya mai kauri daga tarin, da ƙayarsa da komai, ya shimfiɗa wa Rayyanu a fuska.

Ƙaya ta tsaga masa kunci har kunne. Bugu na biyu ya same shi a wuya. Sauran biyun suka rufar masa da ƙotar hauya, ɗaya ta dama, ɗaya ta baya.

Addar tana hannunsa, kuma hannun ya san aikinsa. Rayyanu ya yi shekara biyu cikin 'yan banga bayan mutuwar Inusa. Ya taɓa sarar mutum a nan daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗa, ya ji yadda ƙarfe ke tsayawa a ƙashi. Ga wurin nan a jikin Lamine, a buɗe, taku ɗaya tsakaninsu. Zuciya ta taso masa har yana jin ɗacinta a baki, hannun ya ɗaga da kansa.

Sai maganar mai gari ta faɗo masa, da Safa da ke wasa a ƙofar ɗaki. Bai yarda da hannun nan ba ko kaɗan. Ya jefa addar ƙasa, ya zauna daram a kanta, ya rufe kai da hannuwa.

Suka yi ta jibgarsa. Ya ji haƙarƙari ya amsa, ya ji yatsu biyu na hagu sun karye da wata 'yar ƙara irin ta karan dawa. Lamine na bugu yana kuka.

"Shekara bakwai, ɗan banza. Tsohon ga da tulu ya riƙa ba su ruwa. Tashi ka rama mana, ba ga adda nan ba?"

Rayyanu bai tashi ba. Jini ya cika masa ido ɗaya, rairayi ya cika masa baki, yana zaune kan ƙarfen yana jin kaifinsa a cinya. A haka masu dawowa daga kasuwa suka same su, Cindo na cikinsu, aka janye samarin.

Tsohon bai kalli kowa ba. Ya bi kututturan ɗaya bayan ɗaya yana shafa inda aka sare. Da ya gama ya zo ya tsaya kan Rayyanu.

"Mi na yi maka, ɗana?"

"Baba, ban sani ba. Mu can, bayan itace ɗan bindiga yake ɓuya."

Cindo ya ga bakin addar ya leƙo ƙarƙashinsa, ya ga tsohon tabon harsashi a damtsensa inda riga ta yage. Ya juya ya daɗe yana kallon ɗansa, wanda har yanzu ke huci bai san ya leƙa kabari ya dawo ba.

Bayan la'asar aka taru ƙofar mai gari. Mutane da yawa suka ce a kore shi, wasu suka ce a kira ma'aikatan gandun daji. Rayyanu na zaune da ƙyar, ya riga ya fara tunanin ta wace hanya zai bi da Furera su koma. Sai Cindo ya nemi magana.

"In kun kore shi, wa za ya maido mani gawona? Kututturen na da rai, za su toho. Shi ya sare, shi za ya rene su, ya zaɓi tohon kirki, ya tsare su ga awaki, har su kai inda ya iske su. Kahin nan ba shi zuwa ko'ina."

Mai gari ya ce haka za a yi.

Furera ta zaunar da shi a inuwar ɗaki, tana cire masa ƙaya daga fuska da allura. Ta riga ta ɗaure 'yan tsummokaransu cikin zane, ƙunshin na nan bakin ƙofa.

"Baban Safa, yaushe suka ce mu tashi?"

"Ba su ce ba. Hukunci suka yanke mani."

"Na me?"

"Shekara bakwai ba ni barin garin nan."

Ta tsaya da allurar a sama, tana duban kumburarriyar fuskarsa ko wasa yake. Sannan ta miƙe, ta je ta kwance ƙunshin, ta fiddo tukunya ta ɗora a murhu.