Ruwan Bagaruwar da Na Kai Birni

Shekarar da aka ba mu jiha, kowa a Argungu yana maganar aikin gwamnati. Ni kuwa ina majema tare da Baba, hannuna cikin kwatarniya tun safe. Firamare kawai na yi. Yayyena biyu sun tafi Legas ba su dawo ba, Baba kuma ya fara ciwon baya, don haka jimar ta zama tawa ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Ko masallaci na shiga sai in ga na kusa da ni ya ɗan matsa, saboda warin fata.

Wata Laraba wani mutum ya zo wajenmu a kan babur. Sunansa Malam Kefas, mutumin Jos, yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi. Ya ce suna son auna ƙarfin bagaruwar da muke jima da ita. Ya ga yadda nake gane mai kyau da ɗanɗano, ya yi dariya, ya ce suna neman mai wanke kwalabe da tace ruwa. In kawo masa bagaruwa iri uku ran Litinin, ranar da shugabansu zai zo, zai gwada ni a gabansa.

Baba bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi, “To wa za shi juya fatun ga?”

A wajenmu majemi ba ya miƙa wa mutum bagaruwa tsurarta, kamar ka ba baƙo hatsi ne ka ce ya ci. Sai na daka kowace daban, na jiƙa su tun ran Alhamis, na bar su buɗe a rana kamar yadda muke yi, ina motsawa safe da yamma. Kafin Litinin ruwan ya yi duhu, ja mai kyau. Na zuba a kwalabe uku, na shiga mota ina riƙe da su a cinya har Birni.

Malam Kefas ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba, fuskarsa ta canza. Amma da yake shugaban yana tsaye, sai Malam Kefas ya ci gaba da gwajin. Yana da wani ruwa mai launin shuni a cikin dogon gilashi, yana ɗiga shi a hankali cikin ruwan bagaruwata. Ya bayyana cewa ƙarfin bagaruwa shi ke cinye launin, mai ƙarfi tana cinye da yawa kafin ta ƙoshi. Tawa ba ta ci abin kirki ba. Duka ukun kuma kusan ɗaya suka fito. Shugaban ya tambayi takardata ta sakandare, na ce babu, ya fita.

Bayan mun rage mu biyu Malam Kefas ya zaunar da ni. Ya ce iska ma aikin ruwan shunin nan take yi, sai dai a hankali. Kwana huɗun da na yi ina motsawa, iska ta riga ta ci rabonta. Busasshiya yake so.

Na ce, “Malam, ba ka faɗa mini ba.”

“Ban faɗa ba, Zulkifli. Laifina ne. Ban san haka kuke yi ba.”

Na ce in kawo wata gobe. Ya ce aikin an ba wani yaro ɗan unguwar Gesse mai takarda. Amma gwajin zai ɗauki shekara biyu, suna bukatar wanda ya san itatuwan, kuma yake cikin majema kullum, ya riƙa aiko musu da bagaruwa da guntun fata duk wata. Ya ce babu wanda ya fi ni dacewa, in dai ina can.

Na yi godiya, don da zuciya ɗaya ya faɗa.

Da la'asar na iso gida. Baba yana kwance a rumfa, fatun ba a juya su ba tun safe. Na cire rigar da na aro, na naɗe wando.