Jar Riga a Ranar Alhamis

Wata Alhamis a watan Oktoba matata Sithabile, wadda ake kira MaNyoni, ta bar gidan kula da masu cutar mantuwa inda muka kai ta. Ba katanga ta haura ba. Mai gadi ne ya buɗe mata ƙofa da hannunsa, har da rusunawa.

Ni ban sani ba. Na iso da rana ta karkata, riƙe da jarida, kamar kullum. Sista Mpala, shugabar gidan, ta tare ni tun daga baranda, ita da ba ta taɓa tashi daga kujerarta domina ba. Ta ce Gogo, wato kaka, yadda suke kiran matata, tana barci, in zo ofis in sha shayi. Na tsufa ina koyar da tarihi a Bulawayo, kuma abin da na tsira da shi bai wuce wannan ba: in hukuma ta fara ba ka shayi, akwai abin da take binnewa.

Na wuce ta zuwa ɗakin. Gado a gyare. A kan tebur ga tuwon masara da miyar ganye, a rufe, ba a taɓa ba. Matata tana da ciwon suga, kuma allurarta kafin abincin rana ake yi. Na tambaya ko an yi mata. An yi. Duk wanda ya yi jinyar mai suga ya san abin da allura ke yi wa cikin da ba kowa.

Sai a lokacin Sista ta ce tun tsakar rana suke nema. Sun duba banɗakuna, sun duba bayan tankin ruwa, sun sake duba banɗakuna. Na ce 'yan sanda fa?

"Baba Mlotshwa, mu ɗan dakata. Masu duba lasisi suna tafe a watan nan."

"To ki tabbata sun iske gawar a tsaftace," na ce.

Na buɗe kabad. Kayan zumuntarta ba sa nan: jar riga, baƙin siket, farar hula. Alhamis ce, ranar da matan zumunta na coci ke zuwa yi wa tsofaffi addu'a. Wata ma'aikaciya ta ce ita ta sa mata kayan da safe, don ta lura in ta sa su takan natsu, ta daina tambayar ina yaranta. Ban tsawata mata ba. A gidan nan ita kaɗai ta lura da wani abu.

Mai gadin, Velaphi, sabo ne, kamfanin gadi kan canza su kafin su san fuskar kowa. An dai gaya masa mazauna gidan shuɗiyar riga suke sawa da silifa, kada ya bar shuɗi ya fita.

"Baba, jajaye suka shigo, jajaye suka fita," in ji shi. "Ni na isa in tsayar da uwar zumunta?"

Na kira MaHadebe, shugabar matan. Ta tuna wata dattijuwa da ta shiga kombi, ƙaramar bas ta haya, tare da su, sun ɗauka 'yar reshen unguwar Luveve ce. Dattijuwar ce ma ta ja musu waƙa a hanya, baiti bayan baiti ba tuntuɓe, wata kuma ta biya mata kuɗin mota. A tashar cikin gari suka rabu, wasu gida, wasu gidan makoki a unguwar Njube. MaHadebe ba ta san ayarin da dattijuwar ta bi ba. Da na faɗa mata ko wace ce, sai da na ɗaga wayar daga kunnena saboda ihunta.

Muka shiga motar gidan, ni da Sista da wata nas. Na damƙe ƙullin sukari da na biya na kwaso daga teburin shayin ofishin Sista. Wanda bai taɓa neman mace mai jar riga a Bulawayo ranar Alhamis ba bai san nema ba. Kowace kwana ga su, da lema da jaka, duk tafiyarsu ɗaya. Na sa an tsaya, na sauka da gudun tsoho, na sha gaban matar wani. Na sake, na sake. Ɗaya ta ce in ina neman mata ne in je coci kamar kowa. Idona yana kan magudanan ruwa da gindin itatuwa, don mai suga ba ta faɗuwa a inda ya dace. Sista kuwa tana ta waya ƙasa-ƙasa da mamallakin gidan jinyar, kan yadda za a faɗi abin.

A Njube muka ga jan ƙyalle ɗaure a ƙofar wani gida, alamar makoki. An fitar da kujeru waje, maza suna zaune. Na ratsa su ban gaisa ba, na shiga ɗakin mata, abin da namiji mai hankali ba ya yi.

Tana tsakiyarsu a durƙushe, tana addu'a. A gefenta kofin shayi ne da guntun burodi. Baƙin da ba su san sunanta ba sun ciyar da ita. Matar da tun bikin Ista ba ta haɗa jimla guda ba, ga ta tana jero wa mamaciya roƙo, mata suna amsawa.

Da ta gama ta ɗaga kai, ta ga tsoho a bakin ƙofa yana haki, fuska a jiƙe. Ta tashi ta zo ta kama hannuwana biyu.

"Sannu, baba. Ka yi haƙuri. Matarka ta huta, ta riga mu zuwa gida. Wa zai riƙa dafa maka yanzu?"

A gidan jinyar sun koya mana kada a yi wa masu mantuwa gardama, a bi su yadda suka ga duniya. Na tsaya ina auna ko wannan karon zan karya doka. Kafin in buɗe baki Sista ta shigo ta bayana da nas, suka riƙe ta ta hammata, Gogo taho, Gogo mu je. Ta turje, hular ta faɗi. A mota suka yi mata allurar kwantar da hankali.

Washegari aka hana sa kayan zumunta a gidan jinyar. Aka mai da ita ɗakin baya mai makulli, aka ƙara mata ƙwaya safe da yamma, saboda yanzu sunanta mai gudu. Kullum na je tana barci, wannan karon da gaske. Masu duba lasisi sun zo, sun yaba da sabon makullin. Kafin masara ta yi goyo muka binne ta.

Har yau ina bin ta bashin amsa, ko ita ke bi na. Da an ba ni numfashi ɗaya a ɗakin nan, da na ce mata: Sithabile, ba ta tafi ba tukuna. Ga ta nan riƙe da hannuna.