Shekarar da Muka Dafa Angurya

A shekara ta uku da Nasara ya ɗora wa ƙasarmu ta Sara noman auduga, yunwa ta shigo ƙauyenmu ta shimfiɗa tabarma. Kowane magidanci fili ɗaya: ma'aikacin kamfanin auduga ya zo da doguwar igiyarsa ya auna maka, ya zuba maka angurya a ƙwarya, ya ce ka shuka. Mu dai Mai Igiya muke ce masa. Auduga kuwa ba ta da kunya, ranar da gero ke neman hannu ranar take neman nata. Sai ka bar hatsinka ciyawa ta cinye, ka je kana bauta wa abin da ba ya shiga tukunya.

Wana Ngaro, wanda muke ciki ɗaya, shi ya kawo dabarar. Ya ce a dafa anguryar kafin a shuka. In ba ta fito ba, sai mu ce ƙasarmu ce ba ta karɓarta, a ƙyale mu da geronmu. Dattawa suka daɗe suna jinjina maganar, don kowa ya san hukuncin ƙauyen da aka kama da ƙin aiki: a ɗebi mazansa a tura su kudu aikin hanyar jirgin ƙasa, inda ba mu taɓa ganin wanda ya dawo ba. Amma mai jin yunwa ba ya doguwar shawara. Aka yarda, da sharaɗin kowane gida ya dafa tasa. Aikin ya faɗo kan mata, tunda ba mai tambayar dalilin hayaƙi a ranar dafa burkutu.

Ni kuwa ina ɗauke da cikin wata huɗu, bayan biyu da suka zube. A wajenmu mai ciki ba ta kai iri wuta, an ce wadda ta dafa iri ta dafa na cikinta. Da na faɗa, da wata ta dafa mini. To, tsohuwar da ta ɗaure mini cikin da magani ta ce kada bakina ya ambace shi ga kowa, ko da mijina ne, sai ya motsa.

Na tsaya gaban tukunya da ƙwarya a hannu har ruwan ya ƙone rabi. Na kasa. Tsoro nake ji, irin wanda sai wadda ta taɓa binne tsumma da jini ta san shi. Sai na jiƙa anguryar da ruwan sanyi, na shanya ta yadda kowa ya shanya tasa, na miƙa wa mijina Jimadum ya shuka. Na ce a raina, in ta fito sai in bi in tumɓuke, wa zai sani? Wauta ce, ba sai an faɗa mini ba.

Filayen audugar suna hayin rafi, a jere bakin hanyar mota, don Nasara ya gani ba sai ya taka ƙasa ba. Aka yi kwana shida ana ruwa, rafi ya cika ya hana hayewa. Ranar da ya janye, Mai Igiya ya riga ni isa, tare da kumandan, wato Baturen mulkin yankinmu, da sojoji huɗu. Filaye arba'in fayau ba ko ɗigon tsiro, namu guda ɗaya kore shar a tsakiyarsu.

Aka tara mu a wurin. Dagaci ya fara bayanin da aka shirya, cewa ƙasa ce ta ƙi. Mai Igiya bai ko saurare shi ba. Ya tono ƙwaya daga filin Ngaro, ya murje ta a yatsa, ya kai hanci, ya tuntsire da dariya.

"Sannunku da girki," in ji shi. "Tuwon ya nuna, ina miyar?"

Kumandan ya sa aka fito da Jimadum, aka kifa masa jar hula, tafinta ya ce ga mutum ɗaya mai gaskiya a garin maƙaryata. Mijina bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tsaya yana raba ido, jama'a na tofar da yawu. Ngaro ya fito ya ce shi ya kitsa komai, a ƙyale saura. Aka kama shi, aka ƙara da maza tara, aka ɗaure su wuya da wuya.

Na ratsa mutane ina kuka, ina cewa ba Jimadum ba ne, ni ce ban dafa ba. Ngaro ya dube ni, ya dubi inda hannuwana suka dafe. Nan take ya gane.

"Wata nawa, ƙanwata?"

Na ɗaga yatsu huɗu.

"To, bar kukan nan, kada ki jijjiga mini ɗa."

Soja ya ja igiya, suka wuce.

Aka sa mu sake shuka filayen duka da bulala a kanmu, gero ya tafi a banza. Gidaje goma ba maza, ba kuma mai shigowa gidanmu ɗiban wuta. Jimadum ya jefa hular a rafi, bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi duka ciwo. Innarmu kuwa wata biyar ba ta ce mini uffan ba, in mun haɗu a rijiya sai ta dubi guganta.

Na haihu da kaka, ana tsinkar auduga. A makon ne ɗaya daga cikin goman ya dawo, fata da ƙashi, ya ce zazzaɓi ya kashe Ngaro tun kafin su ga hanyar jirgin, aka bar shi a bakin wani kogi da ba a san sunansa ba.

Washegari Inna ta shigo ɗakina. Ta ɗora ruwa, ta yi wa jaririn wanka, ta shafe shi da man kaɗanya. Ta daɗe tana jinjina shi a hannu, sannan ta ɗora mini shi a cinya.

"Namiji ne," ta ce. "Ki riƙe shi da kyau, da nawa ɗan aka fanso shi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.