Ƙarin Awa Huɗu

Sakinatu na kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, sai wari ya doki hancinta. Ta daure ba ta kawar da kai ba. Saran fartanya ne a bayan ƙafa, wurin ya kumbura ya yi sulɓi, har ya soma ruwa.

"Baba, yaushe abin nan ya same ka?"

"Yau kwana biyar," in ji Malam Maitama. Dattijo ne manomi daga wani ƙauye a hanyar Funtuwa, wandonsa duk jar laka.

"Kwana biyar! Me ya hana ka zuwa?"

"Na zo mana, 'yata. Sau biyu ina zuwa bayan la'asar, na tarar kun garƙame ƙofa. Da rana kuwa wa zan bar wa masarar? Ciyawa ba ta san mutum ya ji ciwo ba."

Ta ci gaba da wanke ciwon. Hannunta ne kawai ke aiki, hankalinta yana kan takardar da aka manna a ƙofar ɗakin magani tun ranar Litinin. Layi uku ne kacal. Daga farkon wata mai zuwa asibitin zai daina tashi ƙarfe huɗu, sai takwas na dare. Ba a ambaci ko sisi ba, ba a kuma tambayi kowa ba.

Ƙaramin asibitin kuɗi ne a gefen garin Malumfashi, ba a kwantar da marasa lafiya, a duba ka ne ka tafi. Mai shi Likita Ayinde, wanda ya shekara talatin a garin. Nas uku gare shi: Anti Hansai da ta fi kowa daɗewa, da Bukola, 'yar wata mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda a nan aka haife ta, sai ita Sakinatu. Jiya su ukun suka zauna a ɗakin allura suka yanke shawarar a yi wa likita magana. Da aka zo kan wa zai buɗe baki, sai duka biyun suka zuba mata ido.

"Ke ce mai sanyin magana," in ji Anti Hansai. "Ni in na fara, faɗa zai zama."

Likita ya ce su same shi ƙarfe biyu. Tun da asuba Sakinatu ko koko ba ta sha ba. Ta san yadda aka yi da Rukayya, wata nas da suka yi aiki tare, bara: ta yi ƙorafi a kan hutun haihuwa, ba a kore ta ba, amma da ta dawo sai ta tarar an ce babu gurbi. Ita kuwa albashin nan, duk da shekara biyu bai motsa ba, shi ne rabin abin da ke riƙe da gidansu. Mijinta Ubaidullahi malamin firamare ne a Dayi, can suke zaune da yaransu biyu. Kullum a bas take zuwa ta koma, kuma tun da hanya ta daina aminci direbobi ba sa yarda magariba ta riske su a kanta. Wanda ya tashi aiki ƙarfe takwas, a Malumfashi zai kwana.

Ta gama ɗaure ƙafar, ta yi wa Malam Maitama allura, ta ce ya dawo jibi.

"Da safe ko da yamma?"

"Wanne ya fi maka, Baba?"

Ya dube ta kamar bai taɓa jin irin wannan tambayar a asibiti ba. "Ai da za ku buɗe da sassafe, kafin mutum ya fita gona, da ya fi. Da yamma jiki ya mutu, ga tsoron hanya."

Bayan sallar azahar ta kira Ubaidullahi daga bayan ɗakin magani, inda ba mai jin ta.

"Kin ci abinci?" ya tambaya.

"Ba zai shiga ba."

"To ki faɗi abin da ke bakinki cikin ladabi, ki yi shiru. In ya ce ki tafi, ki taho gida. Ba za mu mutu ba."

Ta san ƙarfin hali kawai yake yi, don ta ji yadda muryarsa ta sauka a ƙarshen maganar.

Ofishin likita ƙarami ne, fanka na juyawa a sama ba iska. Shi yana bayan tebur da tabarau a kan hanci, su uku suka jeru a kan benci. Kafin kowa ya yi magana ya zaro wata takarda ya ajiye a gabansu, ya ɗora biro a kai.

"Sabon tsarin aiki ne. Kowa ta sa hannu a ƙasa, mu koma bakin aiki. Akwai mutane a waje."

Bukola ta taɓa Sakinatu da gwiwa.

"Ranka ya daɗe," Sakinatu ta fara, "kafin mu sa hannu muna da magana."

"Na san maganar. Kuɗi." Ya cire tabarau. Hausarsa tsaf take, sai ɗan karin harshen Yarbanci da bai bar shi ba. "Shi ya sa ban tambaye ku ba, Sista Sakinatu. Na san amsar. Kun san nawa nake sayen man janareta? Kun san an buɗe wani asibiti a bakin tasha da ba ya rufewa sai dare? In mutane suka koma can, ni da ku duka gida za mu zauna."

"Za mu yi maganar kuɗi, Likita, ba za mu ɓoye ba. Amma ba ita kaɗai ba ce."

"To ina ji."

Duk abin da ta shirya a cikin bas ya gudu, sai ta kama wanda ya fi kusa.

"Yau na wanke wa wani dattijo ƙafa. Sau biyu yana zuwa yana tarar da mu a rufe, saura kaɗan ciwon ya ci ƙashi. Saboda haka ba mu ce kada a ƙara lokaci ba, gaskiyarka ce. Amma mu ne a bakin ƙofa, mu muka san lokacin da suke zuwa. Duk safiya ina sauka a motar farko kafin shida da rabi, in tarar da mutum goma zaune a dakali suna jiran takwas. Mutanen ƙauye ba za su zo bayan magariba ba, tsoron hanya suke. Da an tambaye mu, da mun ce a buɗe shida da rabi, ni in riƙe safiya. Yamma kuma a tsaya zuwa shida, ban da ranar kasuwa da za a iya kaiwa bakwai."

Likita ya juya tabarau a hannu.

"Sannan duk awar da aka ƙara," ta ci gaba, yanzu da ƙyar take jin muryar kanta, "a biya ta. A rubuta a takardar, yadda aka rubuta lokacin."

"In na ce babu ƙari fa? Ba don mugunta ba, don babu."

Sakinatu ta waiwayi Anti Hansai, wadda jiya ta fi kowa zafi. Matar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Ni dai, Likita," in ji Anti Hansai a hankali, "shekara goma sha tara muna tare. Duk yadda ka yi daidai ne." Ta jawo takardar ta sa hannu, ba ta dubi kowa ba.

Likita ya tura takardar gaban Bukola. Kowa ya san shi ya yi mata hanyar makarantar koyon jinya, kuma cocinsu ɗaya da mahaifiyarta.

Bukola ta ɗauki biron, ta dube shi, ta mayar ta ajiye.

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da Sakinatu ta faɗa, da bakina ta faɗa."

Saura Sakinatu. Takardar ta iso gabanta.

"Ba zan iya sa hannu a haka ba, ranka ya daɗe."

Likita ya daɗe yana kallonta. Ba fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi ba ta tsoro. Ya ninke takardar ya jefa a aljihun tebur.

"Nas ba su yi wuya a garin nan ba, kin sani," ya ce. "Ku je. Zan yi tunani, ranar Juma'a za ku ji."

Sauran yinin a daddafe ta yi shi. Sau biyu tana auna jinin wata mata saboda ta manta abin da ta gani da farko. Anti Hansai ta same ta wajen wanke hannu, ta tsaya a bayanta.

"Ina da marayu huɗu a gida, Sakinatu."

"Na sani, Anti. Ban ce komai ba."

Ƙarfe huɗu da kwata ta cire farar rigar aiki, ta sa hijabi, ta rataya jaka. Hadari ya haɗo daga gabas, in ba ta yi sauri ba motocin Dayi za su ƙare. Bukola ta riga ta tafi, Anti Hansai ma haka. Tana zuwa bakin ƙofa sai ga babur ya shigo a guje, mutum uku a kai. Na tsakiyan, wani magidanci, kansa ya langaɓe a kafaɗar direba, yawu na dalala daga bakinsa, rigarsa sharkaf da zufa.

"Malama, ki taimaka!" in ji na bayan, yana riƙe da shi. "Ƙanena ne. Feshi yake yi a gonar waken suya tun safe, iska ta juyo masa da maganin. Yanzu ya faɗi."

Warin maganin ƙwari ya cika wurin. Ta ɗaga fatar idonsa, ta ga ƙwayar ta tsuke kamar kan allura. Wannan ba zai kai babban asibiti a kan babur ba sai an fara yi masa wani abu. Ta dubi titi, wata bas ta rage gudu, kwandasta na kiran Dayi, Dayi, saura mutum biyu.

Ta sauke jakar a kan dakali.

"Ku shigo da shi. Ku cire masa rigar nan, kada ku taɓa ta da hannu tsirara. Kai, ɗebo ruwa a randar can, da sabulu!"

Ta ruga ta buga ƙofar ofis. Likita ya fito da makullin mota a hannu, ya ga abin da ake ciki, ya jefa makullin a aljihu. Suka ɗora mutumin a kan gado, ita ta nemo jijiya ta sa masa ruwa, shi yana fasa kwalaben allura ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi magana sai abin da aiki ya buƙata. Ruwan sama ya sauko da ƙarfi a kan kwano. Wayarta na ta ruri a cikin jaka a waje, ta san Ubaidullahi ne.

Sai wajen biyar da rabi ƙirjin mutumin ya daina kurari, numfashinsa ya daidaita, ya buɗe ido yana neman ɗan'uwansa. Likita ya ce a nemo mota a wuce da shi babban asibiti ya kwana a can. Sannan ya jingina da bango yana share goshi, ya dubi agogo, ya dubi Sakinatu da hijabinta da ya jiƙe har gwiwar hannu.

"Motarku ta tafi," ya ce.

"Ta tafi. Zan kwana wajen Bukola."

Ya gyaɗa kai. Ita ta gyara robar ruwan, ta duba saurin ɗigarsa. Sannan ta juyo ta fuskance shi.

"Likita, tsayawar nan da na yi ba sa hannu ba ce."



"Na sani, Sista," ya ce. "Sake auna min jininsa."