Sarewa a Ɗakin Shanya

Tun da Gunvor ta auri Sixten ba ta taɓa cewa ya busa mata sarewa ba. Abin da takan ce shi ne, "Rufe ƙofa." Saboda haka ranar Alhamis ɗin da ta ajiye kofinta ta ce, "Ka ɗaukar mini busarka a waya, ko ta minti goma ce, in tafi da ita asibiti," sai da ya waiga ya ga ko da wani take.

Ran Litinin za a yi mata aikin zuciya. Sixten tsoro yake ji sosai, amma shi in tsoro ya kama shi sai ya nemi abin da zai nuna gwaninta a kai. Tun da ya bar tuƙin bas a garin Umeå ya sayi sarewar gora, ya tara gemu, ya koyi zaman harɗe ƙafa wanda sai an kama shi yake iya tashi. Shi kansa ya san in ya lumshe ido yana busa, rabin hankalinsa na kan irin kyan da ya yi ne.

A cikin gida firji na gunji, karen maƙwabta na haushi. Sai ya sauka ƙasan bene ya kama layi a allon ɗakin wankin da duk mazauna benen ke amfani da shi: Asabar, ƙarfe tara zuwa sha biyu. Ba wanki zai yi ba. Ɗakin shanya yake so, don a can sauti kan yi amsa-kuwwa har irinsa ma ya ji kansa gwani.

Ya kafa na'urar ɗaukar sauti, ya harɗe, ya fara. Bai yi nisa ba Majken ta hawa na biyu ta banko ƙofa da kwandon kaya. Ita ce mai liƙa wa mutane takardar gargaɗi in sun bar datti a inji.

"Sixten, minti ashirin da shigar lokacinka, injuna wayam. Ka san doka, layi ya zama nawa."

"Haba Majken, aiki fa nake yi."

"Aikin me? Ga ka nan a ƙasa kamar wanda ya zame. In ɗaga ka ne?"

Ya san da ya ce don Gunvor ne, da ta kwashe kayanta ta ba shi wuri. Amma bakinsa ya kasa furta maganar Litinin. Haka ya yi awa biyu da rabi yana busar natsuwa, zannuwan gadon Majken na ta kokawa a inji a bayan bango.

Ya koma sama ya duƙufa a kwamfuta. Ya kankare ƙarar inji, sai kuma ya ji abin da ya fi ta muni: kafin kowace busa akwai wani ƙugi da huci, kamar famfon keke da ya tsufa. Numfashinsa ne. Kunya ta kama shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa, har ɗari da sha uku, sannan ya goge ɗaukar farko gaba ɗaya don kada wani ya taɓa ji. Abin da ya rage ya fito sumul, har ya fara tunanin yadda likitoci za su tambayi sunan mai busar.

Ran Lahadi bayan sun ci dankali da kifi, Gunvor na haɗa jakarta, ya miƙa mata waya yana shafa gemu. Ta saurara kamar minti biyu.

"Wa ke busawa?"

"Ni mana!"

"Kai tsoho, faɗi gaskiya. Ina hucin?"

"Na yanke shi. Ɗari da sha uku, da hannuna." Har da ɗan taƙama ya faɗa, sakarai.

Ta ajiye wayar a kan tebur a hankali. "Sixten, in kiɗa nake so ai rediyo na nan. Ni tun da muka yi aure ban taɓa kwanciya a ɗakin da ba na jin wannan hucin naka ba. Can ni kaɗai zan kwanta."

Sai a lokacin ya gane ita ma tsoro take ji, kuma kwana biyun da ya kamata ya zauna kusa da ita ya ƙarar da su yana goge kansa.

Ya ɗauko sarewar ya zauna a kujerar kicin, babu harɗe ƙafa. Gunvor ta danna ɗauka, ta tura wayar gabansa. Ya kai gorar baki, ya ja numfashi. Amma sarewa ba ta magana sai leɓe ya tsaya cak, nasa kuwa rawa yake yi. Ya hura, iska kawai ta fito. Ya sake, haka. Ya miƙa hannu zai kashe wayar, ta riƙe masa yatsu.

"Bar ta," in ji ta. "Tana ɗauka."